Na'ura Mai Makirufo Shida ko Na Maƙalawa a Wuyan Riga?

Tambaya: Ina ba da karatu a zaure a Tudun Wadan Zariya, ana naɗa ana tura wa ɗalibai ta WhatsApp. Ƙarar janareton maƙwabci tana ɓata mana naɗin. Mai shago ya ce in sayi na'urar taro mai makirufo shida, wai da kanta take gano inda mai magana yake. In saya?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, mai shagon bai yi ƙarya ba, amma maganarsa da saura.

Sauti yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa guda. In akwai santimita 10 tsakanin makirufo biyu, muryarka za ta riga isa ɗaya da ratar da ba ta kai kashi ɗaya cikin 3,000 na daƙiƙa ba. Wannan 'yar ratar na'urar take aunawa ta san ta ina magana ta fito. Sai ta jinkirta sautin makirufon da ya riga ji, ta daidaita shi da na sauran, ta haɗa su. Muryar da ke wannan ɓangaren sai ta fito ras, sauran su ja baya. Guda biyu kaɗai ba sa bambance gaba da baya, shi ya sa ake jera su a da'ira.

Janareto kuwa, a nan gizo yake saƙar. Gurnaninsa sauti ne mai kauri, tsawon zangonsa, wato tazarar da ke tsakanin igiyar sauti ɗaya da mai bi mata, yakan haura mita 3, na'urar kuma ba ta fi tafin hannu ba. Duka shidan kusan abu ɗaya suke ji, don haka ware shi yana yi mata wuya. Ga kuma amsa-kuwwa: bangon siminti da rufin kwano suna dawo da muryarka ta ko'ina, su rikita mata lissafi.

In kai kaɗai ne ke magana, sayi ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma kusanci da baki ya fi yawan makirufo amfani. Ka dai kula kada rawani ko mayafin kafaɗa ya riƙa gogarsa.

In kuwa ɗalibai suna zagaye da kai suna biyawa, kana son a ji kowa, to mai shidan tana da rana. Ka ajiye ta a tsakiya, nesa da bango, ka shimfiɗa darduma, ka rataya labule mai kauri. Kafin ka biya, ku yi sharaɗi da mai shagon: za ka gwada ta a zaurenka lokacin da janareton ke aiki, in ba ta yi ba ka mayar.