Re: Na gama digiri a Bayokemistiri, ta ina zan shiga bayo'infomatiks?

Ɗan'uwa ka tambaya ko sai kana da kuɗi za ka samu horo a EMBL-EBI, cibiyar Turai ta bayo'infomatiks (wato nazarin bayanan halittu da kwamfuta), to a'a wallahi. Cibiyar tana Hinxton kusa da Kambirij a Ingila, su ke riƙe da manyan rumbunan bayanai irin su Ensembl na jerin kwayoyin halitta, har da na AlphaFold na siffofin furotin da suka buɗe tare da kamfanin DeepMind a 2021, kuma duk kyauta ne saboda kuɗinsu daga ƙasashe mambobin EMBL (uwar ƙungiyar cibiyar) yake zuwa, da gidauniyar Wellcome da irinsu. Kwasa-kwasansu na intanet ma kyauta ne, data kawai za ka saya.

Digirin dakta kuma suna biyan albashi, rajista a Jami'ar Kambirij ake yi, amma fa gasar da zafi, gaskiya kar ka nema yanzu. Fara zama da tsarin kwamfuta na Linux da harsunan rubuta manhaja Python da R tukuna, ka sauke jerin kwayoyin halitta ka yi ta wasa da su har hannunka ya faɗa. Nan gida ma ga ACEGID, cibiyar binciken kwayoyin halittar cututtuka, a Ede, jihar Osun, su suka fara tantance jerin kwayar korona a Afirka a Maris 2020, leƙa shafinsu.