Sola ko janareta, masarar ajiya da atamfar lefe: amsoshin wannan mako

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Rigasa, kekuna uku gare ni da yara biyu masu koyo. Wuta sai ta ga dama take zuwa, kullum ina ƙona lita uku ta fetur. Janaretan ya gaji, na kuma tara ɗan kuɗi. In sayi sabo ne ko in haɗa sola? Wani ya ce in dakata, wai gwamnati za ta hana shigo da faifan sola a riƙa ƙerawa a gida, a lokacin zai yi araha.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗauko biro mu fara da kuɗin da ke fita daga aljihunka yanzu. Mu sa lita a naira dubu don sauƙin lissafi, ka gyara da farashin gidan man unguwarku. Lita uku a rana, kwana 26 na aiki, naira 78,000 ke nan a wata, 936,000 a shekara. Ban sa baƙin mai ba, ban sa kuɗin makaniki ba. Wannan adadin za ka ajiye kusa da kuɗin da mai haɗa sola ya yanka maka. In kuɗinsa bai wuce na fetur ɗin shekara biyu ba, kada ka tsaya wata-wata.

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, farashin hukuma na lita bai kai naira 200 ba. Da a wancan lokacin ka tambaye ni, da janareta zan ce ka saya. Ba wai fetur ɗin araha gare shi ba, baitulmali ne ke biya maka ragowar, kuma rabon da mai motoci biyar ke kwasa ya ninka naka nesa ba kusa ba. Cirewar ta yi zafi, har yanzu jama'a ba su warware ba, ina kuma da ƙorafi mai yawa kan inda rarar kuɗin ta shiga. Amma farashin gaskiya ya nuna maka abin da na bogi ya ɓoye shekara da shekaru, wato rana ta fi fetur araha a Kaduna.

Aikinka na rana ne, wannan babbar sa'a ce, domin batir ne ke cinye kuɗin sola, faifan bai kai shi tsada ba. Sayi faifai da yawa da inbata mai kyau, batir daidai gwargwado. Batir mai ruwa ya fi sauƙin kuɗi, amma shekara biyu zuwa uku ya fara sanyi, musamman in ana tatse shi har ƙasa. Na litiyom yana da tsada, yana kuma ninka wancan daɗewa. Dutsen guga na lantarki shi kaɗai yana jan wat dubu ko fiye, ya fi kekunanka ci, don haka bar guga a kan gawayi ko lokacin da aka kawo wuta. In kekunan manya ne masu tsohuwar motar lantarki wadda ke juyawa ko ba a ɗinki, canza ta da irin wadda sai an taka take tashi, za ka ga wutar ta ragu sosai. Kada ka yarda da lambar da aka liƙa a bayan faifai. Akwai masu rubuta wat 500 a kan abin da bai kai 300 ba. A gwada a gabanka da tsakar rana, a ba ka rasit da garanti a rubuce. Da hunturu kuma sai an riƙa goge ƙura, aikin yaran shago ne na minti biyar.

Tsohon janaretan kada ka kai shi kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Panteka tukuna. Gyara shi ka ajiye saboda goman ƙarshe na azumi, lokacin kwanan shago, da kuma ranakun hadari na Agusta. In an kawo wuta ma yi amfani da ita, domin ko masu layin Band A, wato rukunin wutar da ya fi tsada, da ke biyan sama da naira 200 kowane yunit tun Afrilun 2024 sun fi mai ƙaramin janareta sauƙi, shi da ƙyar yake tatso yunit biyu daga lita guda.

Batun dakatawa kuwa, mai ba ka shawarar ya juya lissafin. Gaskiya ne a farkon 2025 an ji maganar hana shigo da faifan sola daga bakin wani minista. Amma ka taɓa ganin kayan da aka hana shigowa da shi ya yi araha? An rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 saboda shinkafa, 'yar gida da 'yar waje duk suka hau tare. Faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a duniya tsakanin 2010 da 2020, saboda masana'antu, galibi na China, suna ta gasar karya wa juna farashi. Wannan arahar ce ta iso har Rigasa. In aka toshe ta, masu haɗawa a gida 'yan ƙalilan za su samu kasuwa ba abokin takara, kai da mai aski da mai sayar da ƙanƙara ku biya. Ina son a ƙera a Najeriya, har zuciyata. Hanyar ita ce a ba mai masana'anta wuta da hanya da sauƙin haraji har kayansa su iya tsayawa kusa da na waje. In har hanin zai tabbata, dalili ne na ka saya da wuri.

Malam, ni ɗaliba ce a Kaduna Poly. Kuɗin data ya ƙaru, ba na iya saye kamar da. Me ya sa gwamnati ba za ta tilasta wa kamfanonin waya su rage ba?

Ƙanwata, gwamnatin ce ma ta amince da ƙarin. Hukumar sadarwa ta NCC ta yarda da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, bayan shekaru farashin yana daskare alhali dizal da dala suna tashi. Tambayi iyayenki labarin 2001, lokacin da layin waya kaɗai ya kai naira dubu ashirin, ana kuma cajin minti guda cur ko da daƙiƙa biyar aka yi magana. Ana cewa lissafin daƙiƙa ba zai yiwu ba sai nan da shekaru. Glo ta shigo a 2003 da shi, nan da nan sauran suka bi. Abin da ya karya farashi ke nan, sabon ɗan takara. Ke ma yi amfani da wannan makamin. Riƙe layi biyu, gwada wanda ya fi ƙarfi a ɗakinki, sayi na wata ɗaya ki daina tsintar na kullum, ki kashe bidiyon da ke buɗe kansa a Facebook da TikTok. Manyan abubuwan saukewa ki bar su sai dare, lokacin da garaɓasa ke da araha.

Malam, ni uwa ce a Unguwar Sanusi, mu tara ne a gida. Ina so in sayi buhu shida na masara da kaka daga Saminaka, mu ci huɗu, in sayar da biyu da bazara. Maƙwabciyata ta ce wannan ɓoye abinci ne, haramun ne, irinmu ne ke sa tsada. Ta ce da gwamnati ta ƙayyade farashin mudu da kowa ya huta.

Hajiya, fatawa ta malaman fiƙihu ce, ki kai musu. Abin da zan iya faɗa shi ne hadisai biyu sanannu da ya kamata a riƙe tare. A ɗaya an yi hani ga ɓoye kaya don a ƙuntata wa mutane. A ɗayan kuma, wanda Anas ya rawaito, kaya sun yi tsada a Madina, sahabbai suka roƙi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yanke farashi, ya ƙi, ya ce Allah ne mai sanya farashi. Malamai sun bambanta wanda ya kwashe abincin gari lokacin yunwa ya kulle, da wanda ya yi tanadin iyalinsa lokacin yalwa. Buhu shida da kaka ba ya girgiza ko kasuwar Kawo ta ranar Talata, balle Saminaka.

Ki duba ma abin da sayenki ke yi. Da kaka kowane manomi yana neman kuɗin biyan bashin taki da na makaranta, masara ta cika kasuwa, farashi ya zube. Mai saye a lokacin yana ɗaga wa manomi farashi. Da ya fito da ita a Yuni ko Yuli, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, yana ƙara kaya a kasuwa, farashi ya ɗan lafa. Da babu masu ajiya, da an yi wadaƙa da kaka a sha wuya da damina. Rumbun kakanninmu aikin da yake yi ke nan.

Ƙayyade farashi kuwa mun gwada shi, ba labari ba ne. Akwai dokar 1977, sannan a 1984 sojoji suka riƙa buɗe shaguna suna sayar da kayan 'yan kasuwa a farashin gwamnati. Waɗanda suka ga lokacin za su ba ki labarin dogon layin sabulu da madara da sukari, da yadda kaya suka ɓace daga kanta suka koma bayan gida da ninkin kuɗi. Manomin da aka ce dole ya sayar ƙasa da kuɗin takinsa, baɗi ba zai shuka masara ba.

Sai dai ki shiga da ido buɗe, ajiya ba riba ce tabbatacciya ba. Waɗanda suka saya da tsada a ƙarshen 2024 suna jiran irin tashin da aka gani a baya, da yawansu sun yi asara, domin gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150, hatsi kuma ya sauka a 2025. Buhu huɗun ci, saya ba fargaba. Biyun sayarwa kuma da kuɗin da ba na bashi ba, ba na adashin mutane ba. Ki ciza ƙwayar, in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa a sake shanya ta. Zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako nesa da bango. Rashin iska ke kashe ƙwarin. Don Allah kada a zuba wa abincin yara Sniper ko wani maganin feshi.

Malam, na yi shekara goma sha tara a ɗaya daga masaƙun Kakuri kafin a rufe. Yanzu ɗana zai yi aure, mata sun kawo lissafin lefe, atamfofin kusan duk na China ne. Zuciyata ba ta so. Kullum kana yabon kasuwa, to ita kasuwar ba ita ta kashe mu ba? In nace a nemo 'yar gida ko da ta fi tsada?

Baba, Allah ya ƙara girma, ya sa albarka a auren. Wasiƙarka ta daɗe a hannuna kafin in iya amsawa. Duk wanda ya san Kakuri lokacin da jiniya ke kaɗawa, kekuna suna fitowa kamar fari, masu abinci jere a bakin ƙofa, ba zai bi ta wurin yau zuciyarsa ba ta sosu ba. Masaƙu irin su KTL da Sardauna ya kafa a 1957 tare da wani kamfanin Ingila, UNTL, Arewa, Nortex, su suka riƙe kudancin garin nan, gidaje dubbai suka ci daga gare su.

Amma zan faɗa maka abin da na yi imani da shi, ko da bai yi daɗi ba. An kare masaƙun nan da dokar hani. A zamanin Obasanjo an hana shigo da yadi, kuma a cikin shekarun nan ne KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Yadin bai daina shigowa ba, hanya ya canza, ta Kwatano da Nijar har Kantin Kwari. Ɗan sumoga da mai karɓar na goro a kan hanya suka yi kuɗi, gwamnati ta rasa haraji, ku kuka rasa aiki. Kai ka fi ni sanin abin da ke faruwa a cikin masaƙa: wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar saƙa, baƙin man tukunya da ya yi wuya bayan matatar Kaduna ta fara tangal-tangal, injinan da suka tsufa ba a sauya ba, audugar Funtuwa da Gusau da irinta ya lalace. Wutar da matatar duk a hannun gwamnati suke a lokacin. Mai saƙa a China bai fi ka iya aiki ba. Wutarsa ce ba ta ɗaukewa.

Game da lefen, kuɗinka ne, kuma son kayan gida dalili ne mai kyau na saye, babu wanda zai ce maka don me. Abin da ba na goyon baya shi ne a tilasta wa bazawara mai marayu biyar ta biya ninki don a ceci wata masana'anta. Kai da ka zaɓa da kanka, a sa 'yar gida turmi biyu ko uku a saman akwati, in an samu ta gaske, domin akwai ta waje da ake buga wa sunan gida a gefe. A ƙara da abin da har yanzu hannun mutanenmu ke yi, rinin Ƙofar Mata, saƙi, da ɗinkin hannu na Zariya ga ango. Sauran ka bar wa gwaggonnin yaron su cike da abin da aljihu zai ɗauka, kada a ci bashi saboda akwati.

Ranar da za su shiga kasuwar Gumi ko kasuwar Barci, ka bi su. Shekara goma sha tara a masaƙa ba wasa ba ce, yatsunka za su gane auduga zalla da mai haɗin roba tun kafin mai shago ya buɗe baki. Ka juya turmin ka ga ko rinin ya ratsa baya kamar gaba, ka jiƙa bakin farin hankici ka goga a gefe ka ga ko zai zuba.