A kan kwinin da ake ba Inna saboda ɗaurewar jijiya

'Yar'uwa, kin ce jijiyar sharaɓa na ɗaure wa mahaifiyarki cikin dare har ta hana ta barci, mai kemis ya ba ta kwinin tana shan ɗaya kafin kwanciya, kina tambaya ko ta ci gaba tunda ta ji sauƙi. Don Allah a ajiye shi yau, a kai ta ga likita.

Gwaggona a Tudun Wada ta sha shi a kan wannan larurar. Ya rage mata ciwon, wannan kam gaskiya ne. Da farko kunnenta ya riƙa ƙara, tana cewa kamar gyare na kuka a ciki, ga jiri. Kowa ya ce ai haka kwinin yake, tun zamanin da ake shan sa don zazzaɓin cizon sauro. Sai wata safiya dasashinta ya kama zubar jini wajen asuwaki, haɓo ya biyo baya, ƙananan ɗige-ɗige ja suka feso a ƙafafunta. Da muka isa asibiti aka gwada jini, aka ce ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare sun kusa ƙarewa. Jikinta ne ya juya yana cinye su saboda maganin. Sai da ta kwanta, Allah Ya sa da sauran kwana.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wannan ba ya jiran sai an sha da yawa. Ƙwaya kaɗan na iya jawo shi, kuma ba a gane wanda zai faɗa wa tun kafin ya sha. Wasu ƙodarsu ce ke tsayawa har a kai ga wankin ƙoda. Yana rikita bugun zuciya, yana saukar da sukari, ga haɗari ga masu ƙarancin G6PD (wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini), waɗanda muke da su da yawa a nan, domin yana farfasa musu jini, fitsari ya koma baƙi. Idan Inna na shan warfarin (maganin hana jini daskarewa) ko digoxin (maganin zuciya), haɗarin ya ƙaru. Yaro kuwa in ya samu ya haɗiye da yawa, zai iya makancewa.

Hukumar magunguna ta Amurka ta hana sayar da shi don ciwon ƙafa ba da takardar likita ba tun 1994. A 2006 ta ce ta samu rahoton mutuwar mutum 93 da ke da alaƙa da shi daga 1969. A Ingila ma, a 2010 aka gargaɗi likitoci su daina rubuta shi kai tsaye don wannan larura. Ɗaurewar jijiya na da zafi sosai, na sani, amma ba ta kisa.

Yanzu Gwaggo kafin ta kwanta takan dafa bango ta miƙar da sharaɓa. In ya kama ta, sai ta miƙe ƙafar ta janyo yatsun zuwa sama, a murza mata da ruwan ɗumi. Ki tattara duk magungunan da Inna ke sha ki tafi da su, musamman na hawan jini masu sa yawan fitsari, don sukan jawo wannan ciwon. A duba sukarinta da ƙodarta.

In kin ga jini ko tabo a fatarta, ko fitsari ya sauya launi, ko ganinta ya dusashe, kada ki jira gari ya waye, ku wuce asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba da kwalin maganin a hannu. Allah Ya ba ta lafiya.