Tambaya da Amsa: Wa ke karanta binciken lafiyar auratayyar dattawa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim a Jihar Jigawa, kuma ina karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Na daɗe da lura cewa iyayenmu mata da al'ada ta ɗauke musu sukan zo da kukan ciwon mara, sai mun keɓe sannan su ce bushewar gaba ce da zafi a lokacin kwanciyar aure. Abokan aikina maza ma sun ce dattawa kan fara da zancen basir ko sanyi, alhali raunin mazakuta ne ya kawo su. Na so rubuta kundina a kan wannan, sai malamin da ke duba aikina ya ce batu ne da ba a cika ambatonsa a mujallun ilimi ba, don haka gara in koma kan mace-macen masu juna biyu. Shin gaskiya ne masana ba su damu da batun ba? Kuma yawan ambato shi ne ma'aunin amfanin bincike?

Daga wata mai karatu, Ringim

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya saka miki da alheri a kan kunnen da kike ba iyayenmu, domin ba kowane ma'aikaci ne ke da haƙurin jiran magana ta biyu ba.

Ambaton da malaminki yake nufi shi ne mai bincike ya kafa hujja da aikin wani a cikin maƙalarsa, ya kuma rubuta sunan aikin a ƙarshenta. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya fito da kundin ƙirga irin wannan ambato a 1964, kuma a yau rumbuna irin su Scopus da Web of Science da Google Scholar ne ke yin ƙirgar. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙara da ma'aunin da ake auna malami ɗaya da shi: wanda lambarsa ta kai 10, yana da maƙaloli 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Jami'o'i suna duba waɗannan alƙaluma wajen ƙarin girma da neman tallafi, saboda haka damuwar malaminki tana da tushe, kuma batun da ya ba ki shawarar komawa gare shi babban batu ne a Jigawa da Kano.

Sai dai cewa ba a ambaton binciken auratayyar dattawa ba daidai ba ne. A 1994 aka buga sakamakon wani bincike na Jihar Masacusets ta Amurka, wanda ya nuna cewa kashi 52 cikin 100 na maza 'yan shekara 40 zuwa 70 suna da raunin mazakuta, ko kaɗan ko mai tsanani, kuma an ambaci wannan maƙala sau dubbai. A 2007 Dakta Stacy Lindau ta Jami'ar Shikago da abokan aikinta suka buga nasu a mujallar New England Journal of Medicine, bayan sun tattauna da mutum 3,005 'yan shekara 57 zuwa 85. Sun gano cewa kashi 73 na 'yan 57 zuwa 64 suna ci gaba da mu'amalar kwanciya, kashi 53 na 'yan 65 zuwa 74, da kashi 26 na 'yan 75 zuwa 85, kuma kusan rabin waɗanda ke yi suna da wata matsala da ke damunsu. Kashi 39 na matan da ke ci gaba da yi sun yi kukan bushewar nan da kike gani a asibitinku. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan aiki shi ne, kashi 38 na maza da kashi 22 na mata ne kawai suka taɓa yi wa likita zancen tun da suka cika shekara 50. Ke nan ko a ƙasar da ake ganin ba a jin nauyin irin wannan magana, tsofaffi shiru suke yi. Ita ma wannan maƙala an ambace ta sau dubbai.

Inda maganar malaminki ta yi kusa da gaskiya shi ne a nan gida. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan batun daga Amurka da Ingila da sauran ƙasashen Turai ya fito, na Afirka kudu da Sahara kaɗan ne, kuma galibinsa a kan cutar ƙanjamau ya tsaya. Dalilin yana cikin yadda ake tattara bayanai. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya tambayi mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da maza 'yan 15 zuwa 59 ne kawai, shi kuwa binciken ƙasa na cutar ƙanjamau na wannan shekarar a kan 'yan 64 ya tsaya. Matar da ta cika 50 ta fita daga lissafin binciken na farko, saboda an gina tambayoyin a kan haihuwa, kamar dai aure yana ƙarewa ne ranar da haihuwa ta tsaya. Malaman jami'a da yawa daga waɗannan bayanai suke ciro maƙalolinsu, to idan babu dattijuwa a ciki ba za a rubuta komai a kanta ba, idan ba a rubuta ba babu abin ambato, sannan a zo a gaya wa ɗaliba irinki cewa batun ba shi da masu ambato. Ƙarancin ambaton yana nuna cewa ba a yi aikin ba ne, bai nuna cewa Inna da Baba a ƙauyenku lafiya suke ba.

Akwai kuma matsalar inda ake bugawa. Mujallun likitanci na gida da dama ba sa cikin Scopus ko Web of Science, saboda haka likitan Kano zai iya karanta maƙala, ya sauya yadda yake tambayar marasa lafiya, amma ƙirgar ba za ta nuna komai ba. Rumbun African Journals Online, mai tattara mujallun Afirka a intanet, wanda ya fara aiki a 1998, ya rage wannan giɓi. Su kansu masana sun ga illar dogaro da lamba, shi ya sa a 2012 wasu editoci da masu bincike suka tsara sanarwar San Faransisko, wadda ta nemi a daina auna malami da darajar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa.

Ba za a ɗauko alƙaluman Shikago a ɗora wa Ringim ko Gumel ko Ɗambatta ba, kuma a nan ne ƙarfin kundinki yake. Dattijo mai mata uku da rabon kwana a kansa, wanda ya ƙara da amarya yana da shekara 65, matsin da yake ciki ya bambanta da na Bature mai mata ɗaya. Uwargidan da ta yafe kwananta, ana yabonta da dattako, alhali wataƙila zafin da take ji ne ya sa ta janye, kuma zafin yana da magani mai sauƙi. Bazawarar da mijinta ya rasu tana da shekara 55 takan ji nauyin 'ya'ya da surukai ta fasa aure. Ga ciwon suga da hawan jini da ba a gano su sai sun yi nisa, kuma dukkansu suna lalata jijiyoyin da mazakuta ta dogara da su, har likitoci suna ɗaukar raunin gaba a matsayin alamar farko ta ciwon zuciya a wasu maza. Duk mai binciken da zai rubuta a kan tsufa a cikin al'ummar Musulmi mai auren mata fiye da ɗaya yana neman maƙalar da zai kafa hujja da ita, kuma ba su da yawa.

Idan za ki koma wurin malaminki, ki je da ladabi da kuma maƙalar 2007 ɗin nan a hannu, ki nuna masa iyakar shekarun binciken 2018, sannan ki taƙaita batun yadda za ki iya kammala shi, misali mata 'yan shekara 50 zuwa sama a mazaɓu biyu ko uku. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ki kai gaisuwa ga dagaci da limami kafin ki shiga gida ko ɗaya. Mace mai ɗan shekaru ce za ta tambayi mata, namiji magidanci ya tambayi maza, kuma kada a yi hira a gaban kishiya ko suruka ko jika. Ki rubuta kalmomin da suke faɗa da bakinsu, sanyi da basir da zaƙi da mutuwar gaba, tare da abin da kowa yake nufi da su, domin wannan kaɗai zai amfani duk likitan da ke duba Bahaushe. Idan lokacin bugawa ya zo, ki guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba tare da masana sun tantance ba.

Ina roƙonki ki saka tambaya ɗaya a takardarki ko da mata kaɗai za ki tattauna da su: me ita ko maigidanta suke saya a kasuwa ko a kemis? Tun da aka amince da ƙwayar ƙarfin maza ta Viagra a Amurka a 1998, irinta ta cika kasuwanninmu, wani lokaci a ɓoye cikin haɗin da ake sayarwa da sunan maganin gargajiya, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan shan maganin ƙarfin maza ba tare da umarnin likita ba. Dattijon da ke shan maganin ciwon ƙirji mai sinadarin naitiret, idan ya haɗa da wannan ƙwaya, jininsa zai iya faɗuwa farat ɗaya har ya rasa ransa. Ki gaya wa abokan aikinki maza su fara yin wannan tambaya a ɗakin duba marasa lafiya tun yanzu, su kuma auna suga da hawan jinin duk dattijon da ya zo da kukan basir.