Rinin 'yan tsaki ba camfi ba ne

Ɗana, na ga saƙonka. Kana tambaya ko rina 'yan tsaki da ja ko shuɗi da kakarka ke yi camfi ne, sannan ka ce abokanka sun ba ka shawarar sa guba a nama saboda abin da ke ɗauke maka tantabaru.

Rinin nan dabara ce. Shirwa da ido take farauta, tana shawagi tana neman abin da ta saba ɗauka. Ɗan tsakon da aka shafa wa galura ba ya yi mata kama da abincinta, sai ta yi jinkiri. Kafin ta sauko uwar ta yi kuka, sun shige ƙarƙashin rumbu. Amma rini kaɗai ba ya isa. Shi ya sa kakarka ke kifa su a kwando har su yi gashi, ba ta sakinsu sai tana zaune a tsakar gida. Kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa, mai kazar ma haka.

Tantabarunka kuwa, ina kyautata zaton shaho ne, ba shirwa ba. Ka koyi bambanta su. Shirwa wutsiyarta a tsage take, abincinta 'yan tsaki, yankin nama a kwata, da fara idan an ƙona daji. Shaho fiffikensa mai tsini ne, daga can sama yake faɗowa kan tantabara tana cikin tashi, kafin ka ɗaga kai ya wuce da ita. Waɗanda ya fi samu su ne 'ya'yan da suka fara koyon tashi da wadda ta ware daga garke.

Mu a da, tukwane muke kafa musu a inuwar katanga, bakin a matse. Sabuwar tantabara ba a sakinta sai ta saba da gida, wasu ma sai ta yi ƙwai. A zuba gero ko dawa kafin a buɗe, ruwa kuma kada ya yanke, don yunwa da ƙishirwa ke kai su nesa. Ranar da shaho ya ɗauki ɗaya, ka kulle sauran na 'yan kwanaki, domin inda ya ci nan zai dawo.

Maganar guba kuwa, ban yarda ba, kada na ji. Shaho abin da ya kama da kansa yake ci, da wuya ya taɓa naman da ka ajiye. Wanda zai ci shi ne kare, kyanwa, ko ungulu. Ungulun da a da ke cika kwata da mahauta, yaushe rabonka da ganinsu? Tun 2015 aka sa su cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma guba na cikin abin da ya jawo haka. Ga kuma yara ƙanana a gidan.

Ka sayi ragar waya ka rufe gaban ɗakin tantabarun, ka riƙa sakinsu gaba ɗaya kana tsaye. Ka gaishe min da mutan gida.