Gona ba ta shiga wasiyya a lokacin, sai dai dabba da kuɗi

Malam, ka tambaya ko manomin Ingila a zamanin Sarki Henry na Bakwai (1485 zuwa 1509) yana iya yin wasiyya da gonarsa ga coci, ya bar 'ya'yansa hannu rabbana. Da wuya ƙwarai. Doka da al'adar gari ke raba gona: a yawancin wurare babban ɗa ke ɗauka, matar mamaci ta ci moriyar kashi ɗaya cikin uku har ta rasu. A yankin Kent kuwa, 'ya'ya maza raba ta suke yi daidai. Sai a 1540 doka ta halatta wasiyya da ƙasa kai tsaye.

Ikon manomin a wasiyya yana kan dabbobi, hatsi da kuɗi. A irin wasiyyoyin da na karanta, mutum kan bar 'yan kwabbai na ushirin da ya manta bai biya ba, da tunkiya ko saniya don sayen kyandir ɗin coci, wani kuma ya biya fada, wato limamin coci, ya yi wa ransa addu'a sau talatin. Mallaka wa coci ƙasa dindindin kam, tun daga dokar 1279 sai da izinin sarki, wanda ƙaramin manomi ba ya ko mafarkinsa.