Me ya sa kwafin fim ɗin Metropolis ba su da tsawo ɗaya?

Malam, ka ce ka samu kwafi biyu na fim ɗin darakta Fritz Lang, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kana tambayar wanne ne na asali.

An fara haska shi a Balin a watan Janairun 1927, tsawonsa wajen awa biyu da rabi. Ba a jima ba masu rarraba shi suka datse kusan kashi ɗaya cikin huɗu don kasuwar Amurka, abin da aka yanke kuma ya ɓace shekara tamanin. Sai a 2008 aka tsinci wani tsohon kwafi a gidan adana finafinai na Buenos Aires a Ajantina, aka mayar da wajen minti 25.

Nemi gyaran 2010, wato kwafin da aka mayar wa waɗannan mintuna, mai kimanin minti 148. Za ka ga wasu wurare da alamun karcewa da dishi-dishi, kada ka ɗauka lalacewa ce. Su ne guntayen Ajantina, daga ƙaramin zaren fim mai faɗin milimita 16. A ganina nan labarin ya fi zama daram.

Inda ake yawan kuskure shi ne ɗaukar kwafin 1984 na mai tsara kiɗa Giorgio Moroder, mai launi da kiɗan zamani, a matsayin na asali. 

Idan rubutun jami'a kake yi, tuntuɓi gidauniyar Murnau da ke Wiesbaden, wadda ta jagoranci gyaran.